Kwana a Ghana, Wuni a Togo: Yadda Iyaka Ta Zo Ta Iske Mu

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi, mun sa shi a takarda saboda waɗanda suna daji da shanu ko suna kan hanyar kasuwa lokacin da aka watsa shi.

Idan ka taɓa tsayawa a Pulmakom, gabas da Pusiga, bayan sallar asuba, ka san abin da zan faɗa. Babura da kekuna da mata ɗauke da kaya a kai, duk sun nufi Sinkase ta ƙasar Togo. Da yamma su ne dai za su dawo. Mutum gidansa da iyalinsa suna Ghana, rumfarsa tana Togo, wani lokaci ma dillalinsa yana Bitu ta Burkina Faso. Aljihun dama sidi, na hagu sefa, wayarsa layi biyu. Haka abin yake a Tatale da Saboba da Chereponi, inda ake tsallaka iyaka don zuwa gona ko kasuwa kamar yadda wani ke tsallaka titi.

Wani mai saurarenmu ya bugo waya ya ce, "Ɗan'uwa, yaushe aka fara wannan yawo, kuma me ya sa yau a bar mu mu wuce, gobe a tare mu?" To, Alhaji, amsar tana cikin tarihi. Zirga-zirgar ta girmi iyakar nesa ba kusa ba. Amma tun da aka ja layin, ta koma tana dogara da takarda, ita kuwa takarda gwamnati na iya canza ta dare ɗaya.

Kafin a ja layi

A ƙarni na 18 da na 19, babbar hanyar arziki a wannan yanki ita ce hanyar Gonja. Fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, suna kora dabbobi, su ratsa Borgu, su biyo ta Sansanin Mango ko ta Jugu, su sauka Yendi, sannan Salaga, inda goron ƙasar Asante ke jiran su. Sunan Sansanin Mango kansa shaida ne, domin "sansani" kalmarmu ce. Tafiyar watanni ce, madugu ke jan ayari, kuma ba kyauta ake wucewa ba: kowane sarki yana karɓar nasa, kowane kogi akwai kuɗin fito. Wato biyan kuɗin hanya ba Bature ya ƙirƙiro shi ba. Bambancin shi ne, a lokacin ba a tambayar ka takardar ƙasa. Abin da ake tambaya shi ne, wane ne mai gidanka? Mai gida shi ke saukar da baƙo a zango, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Kai da ke kawo shanu kasuwar Gushegu yau kana sauka wurin mai gidanka, ka sani wannan tsari gado ne.

Salaga ba cinikin goro kaɗai ta yi ba, an sayar da bayi a cikinta, wannan ma tarihinta ne. Ta fara rauni bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Krachi. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934.

Layi uku a kan ƙasa ɗaya

A 1888 Ingila da Jamus suka amince su bar yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba a tsakaninsu. Alkawarin bai daɗe ba. Ranar 4 ga Disamba 1896 sojojin Jamus suka ci mayaƙan Dagbon a Adibo, kusa da Yendi. A 1898 Ingila da Faransa suka ja layin arewa, wanda ya bar Bawku a hannun Ingila, Tenkodogo a hannun Faransa. A 1899 kuma Ingila da Jamus suka raba Dagbon gida biyu, cikin yarjejeniyar da suka yi kan tsibiran Samowa da ke can tekun Fasifik. Ka ji fa! Ana rabon tsibiri a wata uwa duniya, aka haɗa da ƙasar Ya-Na.

Sakamakon haka, Yendi da gabashin Dagbon, har da Gushegu, suka faɗa Togo ta Jamus. Tamale da Savelugu da Salaga suka faɗa wa Ingila. Pusiga, inda ake danganta Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprugu da Dagbon, tana ɓangaren Jamus, Bawku da ke kusa da ita tana ɓangaren Ingila. Yau mutumin Gushegu sai ya yi tafiya mai nisa gabas kafin ya ga iyaka. A wancan lokacin kuwa iyakar tana yamma da shi, tsakaninsa da 'yan uwansa Dagomba. Wanda ya kai hatsi ko saniya Savelugu, a idon Bature ya fita ƙasar waje. Waɗannan su ne kakannin masu kwana nan wuni can: ba su tashi daga garinsu ba, ba su sake kasuwa ba, layi ne ya bi ta tsakanin gida da sana'a.

Sai layin ya sake tashi. A Agustan 1914 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga Jamus, a 1919 suka raba ta. Yendi da Gushegu da Pusiga suka dawo ƙarƙashin Ingila, Dagbon ta sake haɗewa. Amma ɗinkin nan ya jawo yagewa a wani wuri. Sabon layin ya raba Anufo na Chereponi da 'yan uwansu na Mango, ya raba Konkomba a gaɓa biyu na kogin Oti, ya raba Bimoba. Ranar 9 ga Mayu 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Togo ta Ingila, kashi 58 cikin 100 suka zaɓi haɗewa da Gold Coast, wadda ta zama Ghana ranar 6 ga Maris 1957. Ka lissafa: dattijon da aka haifa a Yendi a 1890, idan ya kai 1957, ya zauna ƙarƙashin Ya-Na, da Jamus, da Ingila, da Ghana, bai ko sake ɗaki ba.

Buɗe yau, rufe gobe

Bayan 'yanci an yi fatan layukan za su yi laushi. A 1961 Kwame Nkrumah da Maurice Yaméogo na Upper Volta, wato Burkina Faso ta yanzu, sun rushe wata katanga da aka gina a Paga don alamar kawar da shingen kwastan. A shekarar da ta biyo, ranar 1 ga Agusta 1962, aka jefa wa Nkrumah bam a Kulungugu yana dawowa daga ganawa da Yaméogo a Tenkodogo. Shirin kawar da shinge bai yi tsawon rai ba.

Darasin da ya fi zafi ya zo ranar 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Dubun dubatar mutane suka fita, da yawansu mutanen zango ne, wasu ma a nan aka haife su kuma ba su san wata ƙasa ba. Aka karyar da shaguna da gidaje da dabbobi a kan kuɗi kaɗan. Tambayi duk wani tsoho a zangon Yendi ko Bawku, zai ba ka labarin maƙwabcin da ya tafi bai dawo ba. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta kawo sauƙi. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai aiki kuma ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani. Makiyaya kuma, ku naku ya zo a 1998: takardar shaidar tsallaka iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawan garke, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za a bi, da inda aka nufa. Dokar ta hana tsallakawa da dare. Ta ce kowane shanu 50 a samu makiyayi ɗaya, garken da zai tsallaka kada masu kiwonsa su kasa biyu, kuma kowannensu ya kai shekara 18.

Duk da haka mun ga abin da ya faru da idonmu. Ranar 22 ga Maris 2020 Ghana ta rufe iyakokinta saboda korona, ba a buɗe na ƙasa ba sai 28 ga Maris 2022. Shekara biyu cur! Mai rumfa a Sinkase ya koma bin hanyar daji yana biyan ninkin kuɗin babur, wani jarinsa ya narke yana kallo. A 2022 aka sa arewacin Togo ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda matsalar tsaro. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su zirga-zirga har sai an ji wata sanarwa. Ka lura da wannan kalma, "har sai".

Abin da za mu riƙe

Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba don ka kwana a wata ƙasa ka nemi abinci a wata. Kakanninka sun yi haka tun ba a san tuta ba. Amma sanayya da jami'in da ke bakin shinge ba ta isa ba, domin gobe ana iya canza shi. A 1969 waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda kowa ya san su a gari amma babu sunansu a takarda. Ka yi katin ɗan ƙasa tun ana zaman lafiya. Ka yi wa 'ya'yanka takardar haihuwa, ko da a ruga aka haife su. Ka riƙe takardar allurar shanunka cikin leda, ka bi ƙofar da aka sani, da rana. Kada ka zuba dukan jarinka a gefe ɗaya na layi. Kuma ka riƙe mai gidanka da amana, domin har yau shi ke fara tsaya maka idan an tare ka.

A shiri na gaba za mu duba canjin sidi da sefa, da yadda ake cutar baƙo a wurin canji. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a garke da rumfa.