Karibun Tsauni

Karibun tsauni wata dabba ce mai kama da barewa amma ta fi ta girma, mai ƙahoni masu rassa, wadda ke zaune a duwatsun yammacin Kanada, musamman lardunan Birtish Kolambiya da Albata. Saɓanin yawancin danginta, mace ma tana da ƙaho. Lokacin hunturu takan hau tudu, ta taka dusar ƙanƙara da faffaɗan kofatonta, ta ci gansakukar da ke rataye a rassan tsofaffin itatuwa.

Sare daji ne babban abin da ya rage yawanta. Idan aka sare tsohon kurmi, ƙananan tsirrai kan tsiro, su jawo wasu namun daji, kyarkeci kuma ya biyo su. Hanyoyin masu katako da masu haƙar mai sai su sauƙaƙa masa farautar karibun. A 2019 aka kwashe ragowar garken Selkirk ta Kudu, wanda shi ne na ƙarshe da ke shiga jihohin Aidaho da Washinton na Amurka.

Wani garken kuma, na Klinse-Za, ya ragu zuwa 38 a 2013. Al'ummomin asali na West Moberly da Saulteau suka fara killace matan garken masu ciki har su haihu, ana kuma rage kyarkeci, matakin da har yau ake jayayya a kansa. Zuwa 2021 garken ya haura 100. A 2020 al'ummomin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kare dajin karibun tare da gwamnatin lardin Birtish Kolambiya da ta tarayya.