Rigar Shugaba da Cikin Talaka: Waiwaye Daga Gobir Zuwa Gwammaja

  Ya 'yan uwana matasa, duk lokacin da aka ga wani ɗan siyasa ya hau mumbari cikin shadda mai ƙyalli yana kukan talaucin jama'a, sai gardama ta tashi a tsakaninku. Wasu su ce munafunci ne, wasu su ce hassada ce ke damun masu suka. Wannan gardama ta girmi kakanninmu, don haka na ga ya dace mu waiwayi yadda magabata suka yi da ita a wannan ƙasa tamu.

A wajajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya rarraba musu kyaututtuka. Almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ruwaito cewa an miƙa wa Shehu miskali 500 na zinariya, amma ya ƙi karɓa. A maimakon dukiya sai ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Mai karatu ya lura da yadda rawani da haraji suka zo cikin buƙata guda. Tun a wancan zamani tufafi ya riga ya zama alamar ɓangaren da mutum yake. Shi ya sa da Sarki Nafata ya ga jama'ar Shehu na ƙaruwa, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani da hana mata yin lulluɓi.

Littafin Kitab al-Farq na Shehu ya jera halayen da suka bambanta mulkin adalci da na zalunci. A cikinsa an ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, kuma a cikin jerin nan ne aka soki sarakuna da sa duk tufafin da ransu ya so ba tare da duban halal ko haram ba. Hikimar haɗa su wuri guda a fili take: rigar da ke jikin sarki daga garken makiyayi da rumbun manomi ta fito. Shehu kuwa, kamar yadda ruwayoyi suka nuna, kayan sawarsa kaɗan ne ƙwarai, kuma yakan tufka igiya ya ci daga guminsa.

An yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin shekarar, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Sai dai tun kafin a kai ga wannan nasara, ciwon da aka tashi magancewa ya fara bayyana a cikin rundunar masu maganin. A wajajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya bar sansani da niyyar tafiya Makka. A littafinsa Tazyin al-Waraqat, wanda ya kammala a 1813, ya bayyana abin da ya kore shi: yawancin abokan gwagwarmaya na farko sun yi shahada, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma kan sarauta da ƙwaraƙwarai da dawakai da tufafi masu tsada. Da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a nan ya rubuta musu Diya' al-Hukkam kan yadda ake mulki bisa Shari'a, daga baya kuma ya koma gida. Abin da ya ƙona ran Malam Abdullahi ya fi na zamanin Bawa ɗaci, domin waɗannan mutane da bakinsu suka soki almubazzarancin sarakunan Gobir, da takubbansu suka kawar da su, sannan suka sa hannu cikin akwatin tufafin da aka bari.

Adalci ne mu faɗi cewa ƙawar tufafi a daular Sakkwato tana da wata fuskar. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gari mai rayuwa da saƙa da rini, ana fitar da turkuɗi da ƙore har Timbuktu da Tarabulus. Riga mai aska takwas, ko ta tsamiya, ko ta saƙi, takan ɗauki watanni a hannun mai kaɗi da masaƙi da marini da mai ɗinkin hannu da mai bugu. Idan basarake ya saye ta, kuɗin na komawa gidajen waɗannan masu sana'a. Wannan bai wanke wanda ya saye ta da kuɗin zalunci ba, amma aƙalla ƙasar na cin moriyar adon manyanta.

Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, suka bar sarakuna da rawunansu da alkyabbunsu, suka ɗora musu aikin tara haraji ƙarƙashin En'e. A wannan yanayi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ba da jimawa ba Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Malam Aminu, wanda aka haifa a 1920, ɗan gidan malamai ne da alƙalai, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da kuma Landan, ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Janar Gowon. Da ya so babbar riga mai aiki da doguwar mota, da ƙofa a buɗe take. Amma jama'a suka san shi da farin yadi mai sauƙi da jar dara, yana zaune a gidansa na Gwammaja inda talaka ke shiga ba shamaki. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnonin biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali.  Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, gidansa kuma ya zama cibiyar Mambayya ta Jami'ar Bayero. Mutane sun gaskata farar rigarsa ne saboda sun duba gidansa da aljihunsa da ayyukan jam'iyyarsa, suka ga duk harshe ɗaya suke magana.

Yanzu mu dubi abin da ya biyo baya. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun Kaduna da Kano suka bi sahunta, dubban magidanta suka rasa abin yi. Shaddar Getzner da manyanmu ke alfahari da ita a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Ashe ko ɗan uzurin da basaraken zamanin Barth yake da shi, ɗan siyasar yau ya rasa shi, domin kuɗin adonsa ƙetare yake tafiya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci da na sufuri suka yi tashin gwauron zabi, kuma daga cikin irin waɗannan riguna aka riƙa fitowa ana roƙon talaka ya ƙara haƙuri. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mai jin yunwa da idonsa yake sauraron jawabi.

To, ina mizanin yake? Musulunci bai haramta kyakkyawan tufa ba. Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf attajirai ne, kuma an san Imamu Malik da sa tufafi masu kyau. Attajiri na iya tsayawa wa talaka da gaskiya, kamar yadda mai tsumma ke iya zama maci amana. Mun sha ganin 'yan takara sun tsaya bakin titi suna cin gasasshiyar masara gaban kyamara, bayan zaɓe kuma gilashin mota ya rufe. Sauƙin tufafi ma ana iya aronsa kamar yadda ake aron alkyabba. Abin da Suratus Saffi ta tsawatar a kai shi ne saɓanin furuci da aiki, kuma a kan wannan saɓani Malam Abdullahi ya juya wa abokan tafiyarsa baya.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ka ga rigar shugaba ta ba ka haushi, kada ka tsaya a kan farashinta. Tambayi inda kuɗinta ya fito, daga kasuwancinsa na halal ne ko daga baitulmalin jama'a. Tambayi abin da ya yi da kujerarsa ranar da aka zo maganar albashin ma'aikata da kuɗin makaranta da maganin asibiti. Sannan ka tuna cewa waɗanda Malam Abdullahi ya koka da su, jiya-jiya su ne masu sukar fada. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu za su riƙe muƙamai nan gaba, kuma ranar da tela ya zo da ma'auninsa, a ranar za a san wanda ya fahimci tarihin nan.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya tufatar da mu da tufar taƙawa, Ya jiƙan magabatanmu.