Benis a Watan Nuwamba: Birnin da Ya Saba da Masu Jiran Jirgi

Da watan Nuwamba ya kama, manyan jiragen ruwan shaƙatawa sukan fara barin Bahar Rum. Sanyi ya kunno kai, igiyar ruwa ta fara tashi, sai kamfanoni su karkata jiragensu zuwa Karebiyan ko Burazil inda rana take. Tafiye-tafiyen ƙarshen kaka sukan yi sauƙin kuɗi, kuma matafiyi mai dabara yakan iso kwana biyu ko uku kafin ranar tashi, don kada jinkirin jirgin sama ya sa na ruwa ya tafi ya bar shi. To, a wane birni zai yi wannan jira? Basalona da Roma da Atina duk suna da abin nunawa, amma babu wadda ta kai Benis, wadda Italiyawa ke kira Venezia, daɗewa a sana'ar saukar da mai jiran jirgi.

Tun a ƙarni na 15 Kiristocin Turai masu niyyar ziyarar Kudus a Benis suke haɗuwa. Daga Jamus da Ingila da Faransa suke gangarowa, su tarar da masu jirage sun kafa tutoci a dandalin San Marco, yaransu na jawo fasinja. Kuɗi ɗaya ake biya a rubuta yarjejeniya: kai mutum gaɓar Yafa da dawo da shi, abincinsa a hanya, harajin da za a biya mahukuntan can, har da jakin da zai hau zuwa Kudus. Hukuma tana sa ido sosai, domin baƙin nan arziki ne. Ta naɗa jagorori na musamman da ake kira tolomazi, masu jin harsuna, waɗanda aikinsu nema wa baƙo masauki da raka shi canjin kuɗi da kasuwa don kada a cuce shi.

Jiran kuwa ba na kwana biyu ba ne. Felix Fabri, wani malamin coci daga birnin Ulm na Jamus, ya yi wannan tafiya a 1480 da 1483, kuma a ta biyun ya shafe fiye da wata guda a Benis kafin jirgi ya ɗaga. Ya cinye kwanakin yana shiga kwalekwale daga wannan coci zuwa wancan. William Wey, Baturen Ingila da ya tafi a 1458, ya bar wa na baya shawarwari dalla-dalla: a sayi katifa da matashi kusa da San Marco, in an dawo mai kayan zai karɓe su a rabin kuɗi, a tanadi akwati mai makulli, a riƙe kejin kaji, domin abincin jirgi ba abin dogaro ba ne. Duk wanda ya taɓa zaman sansanin alhazai yana jiran a kira jirginsa zai gane wannan hali na ɗoki da sayayya da ƙirga kwana.

Ba mutane kaɗai ke fita ta wannan gaɓa ba. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malaman Kano da Barno suka rubuta Alƙur'anai da littattafai a kanta a ƙarni na 19, da yawanta daga masana'antun yankin Benis ta fito, irin na iyalin Galvani da ke Pordenone, ta bi ta Masar da Tarabulus ta ƙetare Sahara.

Su Fabri a farkon bazara suke tashi. Matafiyin Nuwamba wata Benis ɗin daban yake tararwa, kuma ita ce ta fi cancantar gani. Cunkoso ya ragu, hazo yakan rufe mashigin ruwa da safe, ana jin muryar 'yan gari a kasuwar kifi ta Rialto. Sannan ranar 21 ga wata akwai bikin da mutanen birnin suka ɗauka nasu na kansu. Asalinsa annobar 1630 zuwa 1631 ce, wadda ta kashe mutum kusan 46,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na mazauna. A tsakiyar wannan masifa majalisar dattawan jamhuriyar Benis ta wancan zamani ta yi alwashin gina coci in an sami sauƙi. Aka ba wani matashin magini, Baldassare Longhena, aikin. Shi ne cocin Santa Maria della Salute mai babbar ƙubba a bakin Babban Mashigi, wanda aka keɓe a 1687, bayan mutuwar maginin. Har yau kowace shekara ana shimfiɗa gadar wucin gadi a kan ruwa, jama'a su ƙetara da ƙafa riƙe da dogayen kyandir, yara na cin kayan zaƙi a rumfunan da aka kafa. A gidaje ana dafa castradina, naman rago mai gishiri da aka yi wa banda, a haɗa da kabeji, don tunawa da naman da mutanen Dalmashiya suka riƙa kawowa lokacin da birnin yake killace.

Sai dai watan bikin shi ne kuma watan ambaliya. Idan iskar kudu ta turo ruwan tekun Adiriyatik cikin tafkin da birnin yake zaune a kai, ta haɗu da cikar teku, sai jiniya ta yi kuka, ma'aikata su jera dakalan katako a manyan hanyoyi, kowa ya jawo takalmin roba. Dandalin San Marco ne yake fara jiƙewa saboda ya fi ko'ina kwari. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwan ya kai santimita 194, mafi muni da aka taɓa aunawa. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187, ya cika shaguna da gidajen ƙasa, ya shiga tsohon cocin San Marco kansa. Bayan wannan ne aka hanzarta aikin MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku na tafkin, waɗanda ake ɗagawa in ruwa zai yi yawa. An fara gininsu a 2003, aikin ya sha jinkiri da badaƙalar cin hanci, kuma sai ranar 3 ga Oktoba 2020 suka fara tare ambaliya da gaske.

Su ma jiragen shaƙatawar sun zame wa birnin alaƙaƙai. Shekara da shekaru suna ratsa mashigin Giudecca, tsayinsu ya kere gidajen da ke gefe, motsin ruwansu yana cin harsashin gine-gine. Mazauna sun yi ta zanga-zanga a cikin kwalekwale. A watan Yunin 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgin yawon buɗe ido, mutane suka ji rauni. Da hukumar UNESCO ta yi barazanar sa Benis cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, gwamnatin Italiya ta haramta wa jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta tsakiyar birnin daga 1 ga Agusta 2021. Hukuncin ya yi daidai, ko da ya zo a makare: tsohon garin da ke da mazauna kusan 175,000 a 1951 ya koma ƙasa da 50,000 a 2022, kuma waɗanda suka rage sun fi kowa sanin abin da dubban baƙin yini ɗaya suke yi wa unguwa.

Saboda haka tikitin da aka rubuta wa Benis a yau sau da yawa yana nufin tashar masana'antu ta Marghera a kan tudu, ko Trieste mai nisan kusan awa biyu a jirgin ƙasa, ko Ravenna can kudu. Wanda bai ware kwanakinsa tun farko ba, zai iya shiga jirgi ya fita bai ko hango ƙubbar Salute ba.