Kyautar Kyaftin Evans a Darar Chess

William Davies Evans ba da dara yake cin abinci ba. Matuƙin jirgin ruwa ne ɗan yankin Wales, haifaffen 1790, mai jigilar wasiƙu tsakanin Milford Haven da Waterford ta ƙasar Ireland. Chess abin rage dare ne kawai a wurinsa. Duk da haka, ɗaya daga cikin shahararrun hanyoyin buɗe wasan sunansa take ɗauke da shi har yau: Evans Gambit.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A motsi na huɗu, mai fararen 'ya'ya yakan tura ƙaramin soja zuwa gidan b4, ya bar shi a banza. Baƙi ya ci, yana murna. Kafin ya ankara an kori bishof ɗinsa, fari ya tura soja d4 ya mamaye tsakiyar allo, ga hanyoyi a buɗe zuwa ga sarkin baƙi. Soja ɗaya aka bayar, aka sayi lokaci da shi.

Wajen 1827 Evans ya gwada ta a Landan a kan Alexander McDonnell, ɗaya daga cikin gwanayen Birtaniya na lokacin, ya kuwa kayar da shi. McDonnell bai yi girman kai ba, ya ɗauke ta. Ta fito a karawarsa da La Bourdonnais na Faransa a 1834, daga nan ta bazu a gidajen shan kofi na Turai. Da ita Adolf Anderssen ya buɗe wasansa da Jean Dufresne a 1852, wasan da har gobe ake koya wa masu tasowa.

Emanuel Lasker ne ya rage mata kaifi a ƙarshen ƙarni na 19. Ya nuna cewa baƙi zai iya mayar da sojan salin-alin ya zauna lafiya. Manya suka yi watsi da ita.

'Yan koyo da masu wasan nishaɗi ba su yar da ita ba, kuma suna da hujja: a teburinsu kai hari ya fi tsaron gida sauƙi, wanda aka matsa wa shi ke fara kuskure. A cikin manya kuwa, a 1995 Garry Kasparov ya sake tono ta a birnin Riga, ya gama da Viswanathan Anand cikin motsi 25.

Shi kuwa Evans, wanda kuma ya ƙirƙiro tsarin fitilu masu launi uku don hana jiragen ruwa karo da dare, ya rasu a Ostend ta Beljiyam a 1872.