Masu rawa a zanen bugawa na makarantar Zariya

Zanen bugawa wani nau'in fasaha ne da ake sassaƙa hoto a kan katako, ko roba mai tauri, ko farantin ƙarfe, sannan a shafa masa tawada a danna shi a kan takarda, a samu kwafi da yawa. A Najeriya wannan fasaha ta bunƙasa tsakanin shekarun 1950 da 1960, kuma masu rawa da makaɗa da dodanni na cikin abubuwan da aka riƙa zanawa.

Tarihi

A shekarar 1958 wasu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Sun ƙi yarda su tsaya ga tsarin Turawa kaɗai da malamansu ke koyarwa. Manufarsu ita ce a haɗa dabarun zamani da al'adun gida, a daidai lokacin da ƙasar ke shirin samun 'yancin kai a 1960. Kwalejin ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Salo

Ba a zana mai rawa yadda yake a zahiri. Akan tsawaita wuya da hannuwa, a lanƙwasa baya, a bar fuska ba cikakkun kamanni. Dalili ɗaya shi ne kayan aikin: wuƙar sassaƙa ba ta fitar da inuwa mai laushi kamar fenti, sai layi mai kauri da baƙi da fari. Don haka ana nuna motsi ta hanyar maimaita layuka, kamar yadda kiɗa ke maimaita kansa. Dalili na biyu shi ne koyi da sassaƙen gargajiya, wanda bai damu da kwaikwayon jiki daidai ba.

Fitattun masu zane

Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya ɗauko jigoginsa daga tatsuniyoyi da bukukuwan Urhobo. Solomon Wangboje, shi ma tsohon ɗalibin Zariya, ya shahara da hotunan makaɗa da mata masu ɗauke da kaya a ka. Saboda kwafi ya fi zanen fenti araha, ayyukansu sun isa hannun mutane da yawa a ciki da wajen Najeriya.