Kokawa a Damagaram

Kokawa wasan gargajiya ce ta gwada ƙarfi da dabara tsakanin mutum biyu, kuma babu wasan da ya kai ta farin jini a Jamhuriyar Nijar. A ƙasar Damagaram, wadda Zinder ce cibiyarta, da kaka aka san ta: in an gama girbin gero, samarin ƙauyuka su yi da'ira a dandali, makaɗa na zuga su.

Gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tahoua a 1975 zamanin mulkin shugaba Seyni Kountché, ita ta kai wasan matakin ƙasa. Kowace jiha cikin takwas kan aika 'yan kokawa goma. Filin kokawar Zinder na ɗauke da sunan Langa-Langa, shahararren ɗan kokawar yankin.

Da sunan jiha ake zuwa, amma in an shiga fage kowa tasa ta fisshe shi. Ɗan kokawa kan yi watanni yana gudu da asuba cikin rairayi, yana gwabzawa da abokan atisaye. Ran karawa ya fito ɗaure da layu a damtse da ƙugu, ya yi kirari, ya duƙa yana laluben ƙafar abokin karawarsa. Faɗuwa ɗaya tak ke raba gardama.