Rajistar da ta Raba Ƙawaye Biyu

Cikin 1940 mayaƙan Jamus suka ci ƙasar Holan, suka shiga ƙuntata wa Yahudawa. Da shekara ta kewayo, aka fitar da 'ya'yansu daga makarantun jama'a, aka keɓe musu tasu. A can, cikin birnin Amsterdam, Anne Frank ta gamu da Jacqueline van Maarsen, kowacce 'yar shekara 12. Suka ƙulla ƙawance, kullum suna tare.

Ran 6 ga Yuli 1942 Anne da iyayenta suka ɓuya. Ta rubuta wa ƙawarta wasiƙar ban kwana, amma ba halin aikawa.

To, ita Jacqueline ubanta Bayahude ne, uwarta kuwa Bafaranshiya, haifaffiyar gidan Katolika. Uwar nan ta yi ta kai da kawowa wurin hukuma har aka soke sunan 'ya'yanta daga rajistar Yahudawa. Ka ji aikin alƙalami, layi ɗaya ya tsirar da rai. Anne ba ta sami wannan ƙofa ba. Aka kama su cikin 1944, ta rasu a sansanin Bergen-Belsen cikin 1945. Sai bayan yaƙi ubanta, Otto, ya damƙa wa Jacqueline kwafin wasiƙar nan.